Waƙafin Sama da Karan Ɗori: Abin da Ajin Turanci Ya Koya Mini a Kiyako

Yaron da ya tashi a ƙasar Birnin Kudu ba baƙo ba ne ga ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a saman layi. Yana cikin sunan ƙanwarsa Sa'adatu da na kawunsa Mu'azu. Yana cikin sunan Unguwar 'Ya, wadda ita da Kiyako duk mazaɓu ne na ƙaramar hukuma ɗaya. Yana cikin sunan Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko da Jigawa ta yi, wanda ya hau mulki a 1992, da na marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ke ɗauke da shi har sau biyu. Haka ma karan ɗori: duk wanda ya iya rubuta maza-maza da sannu-sannu ya riga ya riƙe shi a hannu. Amma ranar da yaron nan ya shiga ajin Turanci, sai mu malamai mu gabatar masa da alamomin biyu kamar bai taɓa ganin su ba, mu jera masa dokoki a allo, ya kwafa, ya haddace, ranar jarrabawa ya watsa su inda ya ga dama. Na daɗe ina koyar da Turanci tsakanin Kiyako da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma babban abin da aikin ya koya mini game da waɗannan alamomi shi ne ba daga Turanci ake fara su ba. Daga Hausa ake farawa.

Wani zai ce ina ruwan ɗan manomi da ɗigon tawada. To ga ruwansa. A jarrabawar fita sakandare ta WAEC, insha'in Turanci maki 50 ne. An ware 10 don abin da ɗalibi ya faɗa, 10 don tsarin da ya bi, 20 don iya sarrafa harshe, sauran 10 kuma na tsabtar rubutu ne, wato nahawu da haɗa baƙaƙe daidai da alamomin rubutu. A wannan kaso na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ke nan, kason ya tafi ɗungurungum. Insha'in da ake so ya kai kalma 450, a hannun yaron da Turancinsa ba ya wuce ƙofar aji, kuskure 20 ba ya kai rabin shafi. Na sha riƙe takardar yarinya mai kaifin basira, ta kawo hujjoji masu ma'ana kan tsadar taki ko kan karatun 'ya'ya mata, amma jan biro ya cinye mata goman nan tun ba ta kai sakin layi na uku ba. Abin da ke raba wanda ya haye da wanda zai sake zama baɗi sau da yawa bai wuce irin wannan maki ba. Sake zama kuwa kuɗi ne, a gidan da sai an kai buhun gero ko akuya kasuwa kafin a biya.

Kuma ban yarda da masu cewa yaranmu ba su da natsuwar kiyaye ƙananan alamomi ba. Yaron da ya zubar da waƙafi da hantsi a ajina, shi ne da asuba ya zauna gaban alaramma yana biya allo, inda ɗigo ɗaya ke raba baƙi da ɗan'uwansa. A rubutun da ake yi a tsangayunmu, ɗigo ɗaya a ƙasa fa ne, ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne, kuma ba ya rikita su. Ya san wasali, ya san ɗauri, ya san shadda. Natsuwar tana nan. Abin da ya rasa a boko shi ne dalili, don a allo an nuna masa abin da kowace alama ke yi wa karatu, a ajin Turanci kuwa an ce masa kawai haka doka ta ce.

Shifta ce ta fara nuna mini inda gizo ke saƙa. A Hausa, alamar waƙafin sama kunne yana jin ta. Baƙi ce cikakkiya, alhamza, ɗan tsayawar nan da maƙogwaro ke yi a tsakiyar sa'a da jama'a da ma'aikata. Idan na ce 'ya'yana, yaron da ya natsu ba zai rubuta yayana ba, don ya ji bambancin, kuma ya san abin da mutum ya haifa daban yake da wanda ya girme shi. A Turanci kuwa alamar bebiya ce. "Boys" da "boy's" da "boys'" duk furucinsu ɗaya, ko a bakin wanda aka haifa a Landan. Yaron da ya saba kunne ne jagoransa sai ya zauna yana jiran ya ji abin da ba zai taɓa ji ba. Daga nan aji yake rabuwa biyu: wasu su sa alamar a duk inda suka ga "s" a ƙarshen kalma, wasu su yi fushi da ita su bar ta gaba ɗaya.

Saboda haka abin da nake fara faɗa musu shi ne, a Hausa saurarawa ake yi, a Turanci tambaya ake yi. Tambayoyin kuma biyu ne: me aka cire, kuma abin na wane ne.

Ta farko ba ta da wuya. Bature yana taƙaita "do not" ya ce "don't", "I am" ya ce "I'm", "they are" ya ce "they're", sai ya sa alamar daidai gurbin baƙin da ya fita. Mu ma muna taƙaitawa, "zai" da "bai" da "ban" duk kalmomi biyu ne da suka narke, amma ba ma barin wata shaida. Kuskuren da na fi gani shi ne "do'nt" da "is'nt" da "did'nt", inda yaro ke sa alamar a mahaɗar kalmomin biyu maimakon gurbin wasalin da aka cire. Sai na riƙa rubuta "do not" a allo, in kira ɗaya ya zo ya goge "o" ta biyu da yatsansa, ya ɗiga alamar a wurin da ya goge. Wanda ya goge da hannunsa ba ya cika mantawa. Sannan in gargaɗe su cewa wannan taƙaitawa ta wasiƙar aboki ce. Wasiƙar neman aiki ko ta shugaban ƙaramar hukuma, a rubuta kalmomin a cike.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi cin lokaci, kuma wani ɗalibi ne a aji biyu na ƙaramar sakandare ya buɗe mini ita. Ya rubuta "the book's Musa". Da na tsaya a kansa sai ya ce, "Malam, ai littafin ake magana a kai. Don me za a ba Musa alamar?" Yaron nan ba shirme ya yi ba, nahawun Hausa ya bi tsaf. Mu idan za mu nuna mallaka, abin da aka mallaka muke fara ambata, kuma shi muke liƙa wa alama: littafi-n Musa, riga-r Binta. Bature mai abin yake fara ambata, kuma shi yake liƙa wa alamar: "Musa's book", "Binta's dress". Komai a juye yake, da jerin kalmomin da mazaunin alamar. Littattafan Turancin da suka biyo ta hannuna ba su tsaya kan wannan ba, don ba Bahaushe kaɗai aka rubuta wa su ba. Tun daga lokacin nake raba allo gida biyu, Hausa a hagu, Turanci a dama, in ja kibiyoyi biyu masu giciye daga "littafin" zuwa "book", daga "Musa" zuwa "Musa's". Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Idan wannan ya zauna, batun tilo da jam'i yana zuwa da sauƙi. Nakan ce su fara rubuta mai abin shi kaɗai, yadda yake, kafin su taɓa alamar. Rigar yarinya ɗaya: a rubuta "girl", a sa alama, a ƙara "s", ya zama "the girl's dress". Rigunan 'yan mata: a rubuta "girls", a sa alama, a tsaya, tunda "s" tana nan, ya zama "the girls' dresses". Jam'in da ba ya ƙarewa da "s" kuwa ana yi masa kamar tilo, shi ya sa bikin 27 ga Mayu yake "Children's Day", na 5 ga Oktoba kuma yake "Teachers' Day". Sunayenmu masu ƙarewa da "s", irin Idris da Yunus da Abbas, Turawan da kansu ba su tsaya kan magana ɗaya ba, wasu "Idris's book", wasu "Idris' book". Ina ce wa ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya riƙe ta daga farkon takarda har ƙarshe.

A nan dole in yi wa wannan dabara iyaka, don kada wani malami ya ɗauke ta ya wuce gona da iri. Ɗan baƙin nan namu na -n da -r ya fi alamar Turanci faɗin aiki. Kuɗin makaranta "school fees" ne, babu alama. Ƙofar aji "classroom door" ce. Gidan sauro ma ba na sauro ba ne. Don haka juya magana zuwa Hausa ya fi ƙarfi wajen nuna inda alamar ba ta da hurumi. Idan ka juya ka ga yawa ne kawai, wayoyi, riguna, takalma, babu mai su a cikin maganar, to kada ka sa. Akwai kuma inda Hausa ke kai ɗalibi ga abin da yaran Turawa ma ke tuntuɓe a kai: aikin kwana biyu "two days' work" ne, hutun mako ɗaya "a week's holiday" ne. Bahaushe yana jin nasabar a bakinsa kafin ya kai alƙalami.

Wannan ma'aunin na taɓa ba wani mai rubuta allunan shaguna, mutum mai kyan hannu wanda aikinsa ke kai wa har wajen kasuwar Sara a ƙasar Gwaram. Na iske shi yana zana allon wani mai sayar da wayoyi, ya rubuta "Phone's" da "Charger's". Bayan mun gaisa na tambaye shi alamar ta mece ce. Ya ce, "Malam, ai ado ce. In babu ita sai allon ya yi kamar ba na mai ilimi ba, su masu shagon ma suna so." Na ce, "To Malam, in da Hausa za ka rubuta, me za ka ce?" Ya ce wayoyi da caja. Na ce akwai mai su a cikin maganar? Ya yi shiru, sannan ya ce babu. Na ce to in allon ya ce shagon Audu, wannan da mai shi, a nan alamar take. Ya ɗauko farin fenti ya shafe. Mutumin nan bai yi zurfi a boko ba, da kansa ya koyi sana'arsa, kuma ya kama abin cikin ɗan lokaci, don da harshensa aka yi masa bayani. Irinsa suna da muhimmanci ƙwarai a wurina, domin yaro yana karanta allon shago a hanyar makaranta fiye da yadda yake buɗe littafi. Wannan kuskure na sa alama a jam'i ba namu ba ne mu kaɗai. A Ingila ya yi yawa a allunan masu sayar da kayan lambu har ana kiran sa da sunansu.

Saura 'yan kalmomin da suka fi kowa cin maki. "His" da "hers" da "ours" da "yours" da "theirs" da "its" mallakar tana cikin jikinsu, kamar nasa da nata da namu, ba sa buƙatar ƙari. Shi ya sa "Your's faithfully" a ƙasan wasiƙa kuskure ne, kuma kuskure ne mai ciwo, don shi ne abu na ƙarshe da mai duba takarda zai gani. "It's" kuwa taƙaitawar "it is" ce ko "it has". Nakan ce su buɗe ta su karanta a cike, in maganar ta tsaya da ƙafarta to da alama, in ta rushe to babu. Haka "who's" da "whose": ɗaya wane ne, ɗaya na wane ne. Duk da haka "its" da "it's" suna nan suna ba mu wahala kowace shekara, kuma wayar hannu da ke gyara wa mutum rubutu ba tare da ya tambaye ta ba ta ƙara dagula lamarin.

Manyan ɗalibai sukan tambaya me ya sa alama ɗaya ke aiki biyu. Amsar tana cikin tarihi. Masu ɗab'in littattafai na Italiya da Faransa ne suka fara amfani da ita don nuna an cire wasali, Geoffroy Tory ya shigar da ita Faransanci a 1529, Turanci kuma ya aro ta a cikin wannan ƙarni na 16. A tsohon Turanci ana nuna mallakar sunaye da yawa da ƙarin "es", kamar "kinges", da wasalin ya faɗi sai aka sa alamar a gurbinsa ya zama "king's". Ashe asalin aikin ɗaya ne. Ba ta zauna sosai a kan mallaka ba sai ƙarni na 18, ta jam'i ma sai ƙarni na 19. Ina gaya musu wannan don su san mutane ne suka shirya dokar, a hankali, da gardama.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda rikicin ya juyo ya shiga Hausar kanta. Duba saƙonnin waya da Facebook da ƙofofin ofisoshi, za ka ga "za'a" da "ba'a" da "da'ake". Waɗannan kalmomi bibbiyu ne, za a, ba a, da ake, kuma ƙa'idar rubutunmu ita ce alhamza a cikin kalma ɗaya ake rubuta ta, ba a sa ta tsakanin kalmomi biyu, ba a kuma sa ta gaban wasalin farkon kalma. Ba'a kalma ce mai zaman kanta, zolaya ce. Wanda ya rubuta "Ba'a shiga" a ƙofa ba abin da yake nufi ya rubuta ba. Da na lura da kyau sai na ga yaron da ke rubuta "za'a" shi ne mai rubuta "do'nt". Cuta ɗaya ce, ya ɗauka aikin alamar shi ne liƙa kalmomi biyu. In ba a warkar da ita a Hausa ba, ba ta warkewa a Turanci.

Wannan alama ta yi wa rubutun boko hidima tun da daɗewa. A ƙamus ɗin Bargery na 1934 da ita aka riƙa nuna ɓ da ɗ da ƙ, ana ajiye ta kusa da baƙin. Kafin ƙarshen shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, aka koma ga baƙaƙe masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta yaɗa su ko'ina. 'Y kaɗai aka bari da alamar a Nijeriya, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suka yi mata lanƙwasa suna rubuta ƴ. Yau matasa sun koma rubuta k' da d', wasu ma q, alhali akwai allon rubutun Hausa da ake saukewa a waya kyauta, mai ɗauke da baƙaƙen duka. Ɗalibin da na nuna wa yadda ake kunna shi yakan koma gida ya nuna wa yayyensa.

Karan ɗori ya fi sauƙin shiga, don a nan Hausa da Turanci sun yi kusa da juna. Nakan rubuta "dafa duka" da "dafa-duka" in tambayi 'yan mata bambancin. Nan take su ce na farko umarni ne, uwa ta miƙo shinkafa ta ce kada a rage, na biyu kuwa sunan abinci ne. Sai in rubuta "a daidaita sahu", su ce maganar liman ce kafin kabbara. In sa karan ɗori, a-daidaita-sahu, su ce keke mai ƙafa uku ne da ke jigila a Kano da Dutse. Ka-ce-na-ce, hana-salla, a-kori-kura, duk haka suke. Aikin karan ɗori shi ne ya ɗaure kalmomi da yawa su tsaya a matsayin kalma ɗaya. Da zarar sun faɗi wannan da bakinsu, rabin darasin Turancin ya ƙare, don abin da Bature ke yi ke nan idan kalmomi biyu ko uku suka haɗu suka siffanta suna suna gabansa: "a well-known trader", "small-scale farmers", "a ten-year-old boy". Idan suka koma bayan sunan, ɗaurin ya kwance: "the trader is well known", "the boy is ten years old". A lura har da "s" ɗin da ta faɗi daga "years" a cikin ɗaurin, nan ma ana asarar rabin maki. Kalmar da ta ƙare da "ly" irin "highly" ba a ɗaure ta, "a highly respected teacher" haka yake a sake.

Sauran 'yan ƙa'idoji ne da ake riƙewa. Lambobi masu kalma biyu daga 21 zuwa 99 idan za a rubuta su da kalmomi ana ɗaure su, "twenty-five", "ninety-nine", abin da duk mai cika takardar banki yake buƙata. Akwai inda karan ke sauya ma'ana gaba ɗaya: "resign" ajiye aiki ne, "re-sign" sake sa hannu ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ma'aikaci ya rikita su. Suruka "mother-in-law" ce, surukai "mothers-in-law", abin suruka kuma "mother-in-law's". Yanka kalma a ƙarshen layi, a Hausa gaɓa ake bi, ma-ka-ran-ta, kunne ya isa. A Turanci sai da ƙamus, don haka shawarata a ɗakin jarrabawa ita ce kada a yanka, a sauko da kalmar layi na gaba a cike.

Wuri ɗaya Hausa ke jan yaro ya faɗa rami. Mu muna ninka kalma, iri-iri, kashi-kashi, ƙanana-ƙanana, sai ya ɗauko wannan ya rubuta "different-different" da "small-small". Karan ɗorin ya sa shi daidai, amma Turancin makaranta ba ya wannan ninki. Ba na tsawata wa mai wannan kuskure, ina nuna masa cewa abin da ninki ke yi mana, su da wata kalma dabam suke yin sa, "various" ko "little by little".

Akwai kuma abin da na daina ɓata wa yara rai a kansa. Harɗaɗɗun sunaye na Turanci ba su da tsayayyar doka, wasu a haɗe, wasu a rabe, wasu da kara, kuma suna sauyawa da zamani. Tsofaffin littattafai "to-day" da "to-morrow" suke rubutawa. "E-mail" ta zama "email" muna gani. A 2007, bugu na shida na ƙamus ɗin Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi wajen 16,000, wasu aka haɗe su, wasu aka raba su kamar "ice cream". Waƙafin sama ma bai tsira ba. Hukumar sunayen wurare ta Amurka tun kafa ta a 1890 take cire shi daga sunayen garuruwa da tsaunuka, in ban da 'yan kaɗan, majalisar birnin Birmingham a Ingila kuma ta yanke a 2009 cewa ba za ta ƙara sa shi a allunan tituna ba. Don haka nake raba wa ɗalibai abu biyu: inda alama ke sauya ma'ana, nan babu sassauci, inda al'ada ce kawai, a duba ƙamus a wuce. Malamin da ya ba wa waɗannan biyun nauyi ɗaya yana sa yaro ya ɗauka duk abin son zuciya ne.

Inda alamar waƙafin sama ke fita daga aji ta shiga rayuwa shi ne takardun shaida. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da takardun ɗansa a leda, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, an ce wai yaron nan mutum uku ne." A takardar firamare an rubuta sunan, Sa'idu, da alhamza, a ta jarrabawa na'ura ta ƙi karɓar alamar aka haɗe shi, a wata kuma wani magatakarda ya rubuta shi da salon Larabci mai "ee". Wani ofis ya tsayar masa da abin da yake nema har sai ya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, gyaruwa zai yi," muka zauna muka rubuta abin da ake buƙata. Amma kuɗin mota da kwanakin da suka tafi ba su dawo ba. A fasfo ma, layuka biyun nan na ƙasa da na'ura ke karantawa, ƙa'idar duniya ita ce a cire waƙafin sama daga suna, karan ɗori kuma a maye gurbinsa da wata alama. Ra'ayina shi ne na'urorin ƙasarmu ya kamata a gyara su karɓi sunayenmu yadda suke, don Sa'idu ba Saidu ba ne a kunnen uwar da ta haife shi. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannunmu shi ne iyaye da malamai su tsayar da rubutu ɗaya tun yaro yana firamare, a bi shi a kowace takarda, a kuma duba abin da magatakarda ya buga kafin a tashi daga gabansa.

Abin da ya fi yi mini amfani a ƙarshe ba dabarar allo ba ce, zama ne da malamin Hausa. A makarantunmu shi da na Turanci kowa da manhajarsa, suna iya shekara ba su san abin da ɗayan ya koyar ba, kuma ana yi wa darasin Hausa kallon na hutu. Muka daidaita makonni. Shi ya fara da ƙa'idojin rubutu, alhamza da raba kalmomi da ninki da harɗaɗɗun kalmomi, ya yi ta shifta har "za a" ta rabu a littattafansu. Mako na gaba ni kuma na shigo da taƙaitawa da mallaka da ɗaure sifa, ina kafa kowane misali a kan abin da ya bari a allo. Jan biro ya ragu a takardun biyu, nasa da nawa. Ina so kwalejojin da ke horar da malamai, irin ta Gumel, su riƙa zaunar da masu karanta Turanci da masu karanta Hausa a aji ɗaya kan wannan batu kafin a tura su ƙauyuka, domin malamin Turancin da bai san dalilin da ya sa ake raba "ba a" ba, zai yi ta gyara "do'nt" shekara da shekaru bai san daga ina take ɓullowa ba.